Kifin da Na Kawo Daga Ikko

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mai fito ne. Tun ba a yi gada a kan kogin da ke bayan garinmu ba, can ƙasar Gwaram, shi ne ke ƙetarar da mutane a kwalekwale idan damina ta yi tsakiya, ruwa ya cika ya batse. Masu zuwa kasuwa, matan Fulani da ƙorensu na nono, 'yan kai amarya, har akuya ɗaurarriya, duk a jirginsa suke wucewa. A wancan zamani akwai kadoji a kogin, kuma kowane mai fito ya san maganinsu. Da zarar ya hango hancin kada a saman ruwa, sai ya juya filafilinsa, wato itacen tuƙin nan mai faɗin baki, ya riƙa maka wa ruwa da ƙarfi yana ihu, mutanen ciki kuma su riƙa dukan gefen jirgi da tafin hannu. Kada ba ya son hayaniya. Sai ya nitse ya ba da hanya. Na tashi ina ganin haka, na kuma yi da hannuna ba sau ɗaya ba, har abin ya zauna mini a jiki kamar alwala, ba sai na tsaya tunanin abin da ke biye ba.

Ni ban gaji fito ba. Allo aka ba ni, daga baya gona, aka kuma yi gada, jirgin ya ruɓe a gindin tsamiya. Amma da aka haifi autanmu aka sa masa sunan mahaifin nawa, sai ruwa ya bi suna. Tun yana ƙarami ba a raba shi da kogi. Da ya girma ya tafi Ikko neman abinci. Ya yi acaba na wani lokaci, sannan ya samu aiki a bakin teku, a wani wuri da ake ba masu zuwa shan iska hayar 'yan ƙananan jirage na roba. Da farko ɗaukar jiragen yake yi yana wankewa. Da masu wurin suka ga yadda yake iyo, suka koya masa tuƙi, ya zama shi ke shiga teku da baƙi ya dawo da su. Yana son aikin. Ko a waya, idan ya fara ba ni labarin ruwa, sai in ji muryarsa ta sake, kamar ta mutumin da ya samu takalmi daidai ƙafarsa.

Abin ya ɓaci ne a wurin wani suna a Kiyako. Maiɗakina ta je, sai wata 'yar'uwarta ta ce mata, "Ba a teku autanki yake aiki ba? Zo ki ga abin da ke cikin tekun." Ta nuna mata a waya: wani mutum a cikin irin wannan ɗan jirgi, yana tuƙinsa lafiya lau, sai ga wani ƙaton kifi ya taso daga ƙasa, baki a wangame, haƙora jere kamar na zarto, ya cafki gefen jirgin. Kifin shak ake ce masa. Kafin ya taso ba a ganin komai sai wani baƙin abu mai tsini da ke gadon bayansa, yana tsaga ruwa kamar bakin garma.

Ta dawo gida, ko mayafi ba ta cire ba ta tsaya a kaina.

"Malam, ka kira shi ya dawo."

"Wa?"

"Wa nake da shi a bakin kifi? Auta mana."

Na ce ta zauna ta sha ruwa. Ta ce ita da ruwa yau sai dai na alwala. Na ɗauka abin zai wuce da kwana, bai wuce ba. Tuwo sai ta taɓa ta ture. Idan waya ta yi ƙara sai ta dafe ƙirji. Na kira auta na faɗa masa halin da ake ciki. Sai ya ce, "Baba, idan kuka ce in bari, wallahi zan bari. Ba zan zauna a aikin da babu albarkarku a ciki ba. Amma don Allah ka zo ka gani da idonka tukuna. Idan ka gani ka ce in biyo ka, jakata a ɗaure take."

Maganar ta yi mini nauyi, domin na san zai cika ta, na kuma san abin da zai bari. Muka yi shawara da uwarsa a kan haka: zan je in gani, abin da na yanke shi ke nan. Ranar tafiya ta rako ni har zaure.

"Kada ka dawo kai kaɗai," in ji ta. "Kuma kada ka yarda ya yi maka daɗin baki. Na san ku, kai da shi, bakinku ɗaya."

Na hau babur zuwa Birnin Kudu, daga nan mota zuwa Kano, daga Kano doguwar mota. Labarin hanya ba shi ne a gabanmu ba. Na dai isa da ƙafafu a kumbure, auta ya tarbe ni a tasha. Fatarsa ta yi duhu, kafaɗunsa sun buɗe. Ya durƙusa har ƙasa a cikin wannan cunkoso, masu wucewa suna kewaye shi.

Washegari da hantsi ya kai ni wurin aikinsa. Na ga kogi a rayuwata, na ga tafki, na ga madatsar ruwa, amma ban taɓa ganin ruwan da ba shi da ƙetare ba. Ɗan mai fito, abin da idonsa ke fara nema a ruwa shi ne ɗaya gaɓar. Na nema na rasa. Ruwa ya tafi har ya haɗu da sama. Kuma ba gudu yake yi kamar kogi ba, numfashi yake yi: ya taso, ya zube a kan yashi, ya ja da baya, ya sake tasowa. Na tsaya ina tasbihi, ban san tsawon tsayuwar da na yi ba, har auta ya taɓa hannuna.

Ya nuna mini jiragen a jere a kan yashi. Kayak suke ce musu. Wanda ya zaɓar mana ruwan ɗorawa ne, mai wurin zaman mutum biyu, siriri kamar kwamin da ake zuba wa shanu dusa. Filafilinsa kuma baki biyu gare shi, dama da hagu.

Na ce, "Wannan ai ba jirgi ba ne, ludayi ne."

Ya yi dariya. Na ce masa ya bar dariya ya ba ni amsar abin da ya kawo ni. "Kifin nan, akwai shi ko babu?"

"Akwai, Baba. Ba zan yi maka ƙarya ba. Amma can ciki ya fi zama, inda manyan jiragen masunta ke zuwa. Mu iyakarmu nan kusa. Ni tun da na zo ban taɓa ganinsa da rai ba, sai a kasuwar kifi, an yayyanka shi ana ciniki. Kuma ko da mutum ya gan shi, abin da ake yi shi ne..."

Na ɗaga masa hannu. "Ni za ka koya wa ruwa? Ɗan mai fito? Tun ba a haifi uwarka ba nake korar abin da ke cikin ruwa."

Ya sunkuyar da kai. "Haka ne, Baba."

Na tuɓe babbar riga na ba wa wata mai gasa kifi ajiya. Auta ya sa mini rigar kariya, irin mai hana nitsewa, ya ja igiyoyinta har sai da na ce masa ba buhun gero yake ɗaurewa ba. Ya ce in cire hula, na ce ban taɓa shiga jirgi kai ba hula ba. Na zauna a gaba, shi a baya. Na karanta addu'ar hawa jirgi a fili, ya amsa, ya tura mu.

Farkon shiga babu daɗi. Igiyar ruwa ta ɗaga hancin jirgin ta sake shi, ta watsa mini ruwa a fuska, na ji gishiri kamar na lashi kanwa. Amma da muka wuce inda ruwan ke fashewa, sai komai ya lafa. Jirgin ya riƙa sulalewa, ana ɗaga mu a hankali ana saukewa, kamar jariri a bayan uwa. Auta ya ce in tsoma dama, in tsoma hagu. Hannuna ya ɗan yi gardama, sannan ya tuna. Shekaru da yawa rabona da filafili, sai ga shi kafaɗata ta san abin da take yi. Wasu 'yan kifaye farare suka yi tsalle a gabanmu gaba ɗaya, suka koma kamar an watsa tsaba. Na waiwaya, ga dogayen benayen garin sun zama kamar tubalan da yara ke wasa da su. Iska mai sanyi, rana ba ta yi zafi ba. Na ji wani farin ciki ya taso mini daga ciki, irin wanda na manta da shi, har na kama kaina ina dariya ni kaɗai.

"Baba, lafiya?"

"Tuƙa kawai, kada ka dame ni."

Sai dai tsoron bai sauka a gaɓa ba, tare muka shigo da shi. Duk sanda na leƙa gefe sai in ga ruwan kore ne mai duhu, ba a ganin ƙasansa. A koginmu ko ya cika, ka san doguwar gora za ta taɓo yashi. Nan kuwa babu gorar da za ta kai. Na tuna cewa tsakanina da duk abin da ke yawo a ƙasan nan, roba ce da ba ta kai kaurin allo ba. Na tuna Annabin da kifi ya haɗiye ya kuma fito lafiya, na ce a raina: shi Annabi ne, kai kuwa manomin gero ne. Na janye gwiwar hannuna daga saitin ruwa. Sai in yi tuƙi cikin nishaɗi, sai in leƙa, gabana ya faɗi, sai in koma nishaɗi. Haka muka yi ta tafiya.

Can sai na hango shi. Ta hannun dama, bai fi jifa ɗaya ba: baƙin abu mai tsini, a tsaye a kan ruwa, yana ɓacewa yana fitowa, yana matsowa wajenmu. Daidai yadda maiɗakina ta kwatanta mini, bakin garma.

Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Jikina ne ya yi abin da ya gada. Na juya filafili na maka wa ruwa iya ƙarfina, na sake makawa, ina ihu irin na mahaifina: "Kai! Kai! Tafi can! Ba da hanya!" Ina kuma yi wa auta tsawa ya doki gefen jirgi, me yake jira.

"Baba, daina! Baba, zauna!"

Ina! Na ma yunƙura na ɗan miƙe don dukan ya fi ƙarfi, kamar yadda ake yi a kwalekwalen katako mai nauyi. Shi kuwa ludayi ba ya ɗaukar wannan. Sama ta koma ƙasa, ƙasa ta koma sama.

Ruwa ya shiga hancina da kunnuwana. Na yi kalmar shahada a zuci, domin baki ba dama. Abin da na taso tun daga Gwaram don in raba ɗana da shi, ga ni tsundum a cikinsa, da ƙafafuna biyu suna reto a inda kifin yake. Rigar nan ta cillo ni sama kamar gora. Na fito ina tari ina harbe-harbe, ina jiran in ji haƙora.

Sai na ji hannu a ƙeyata, da murya a gefen kunnena, a hankali, kamar muna zaune a kan tabarma.

"Baba, kwanta da baya. Saki jikinka. Bar motsa ƙafa. Dubi sama, kada ka dubi ruwa. Ina riƙe da kai."

Wallahi tsigar jikina ta tashi a cikin ruwan. Dubi sama, kada ka dubi ruwa. Abin da mahaifina ke faɗa ke nan wa duk wanda ya ruɗe a tsakiyar kogi, kuma auta bai taɓa ganinsa ba, ni ma ban tuna na taɓa faɗa masa ba. Na bi umarni. Na kwanta na dubi sama. Shuɗiya fes, wani farin tsuntsu yana shawagi abinsa. Ruwan ya ɗauke ni kamar shimfiɗa. Numfashina ya dawo. Na ce Alhamdu lillahi, na kuma faɗa.

Ya sa na kama igiyar hancin jirgi. Da juyi ɗaya ya birkito shi daidai. Ya nuna mini inda zan dafa, ya tallafo ni ya turo, na kife a ciki kamar buhu, ya ce in juya a hankali in zauna. Sannan ya tattaro filafilan, ya hau ta baya, jirgin ko girgiza kirki bai yi ba. Duk wannan bai ɗaga murya ba, bai yi gaggawa ba. Hulata ce kawai ta kama hanyarta, muna kallo ta nufi inda ruwa ya haɗu da sama.

Da na samu bakin magana na ce, "Ina kifin?"

"Bari mu je mu gaishe shi."

Ya tuƙa mu wajen abin, ya miƙa hannu ya tsamo shi. Ɓarin baƙin bokiti ne na roba, gindin ya cika da ruwa ya nitse, fasasshen gefen ya tsaya a sama. Ya jefa shi cikin jirgi.

Ya yi iya ƙoƙarinsa ya danne dariya, in ba shi haƙƙinsa. Ya cije leɓe, ya kau da kai. Ni na fara fashewa, sannan ya biyo ni. Muka yi ta dariya a tsakiyar teku har jirgin na neman sake kifewa.

Da ya share hawaye ya ce, "Baba, ai kada ne ake kora da duka. Shi wannan idan ya ji ana fantsama ruwa, ɗauka yake wani abu ne ya ji ciwo yana mutsu-mutsu, sai ya zo dubawa. Shiru ake yi, a janye hannu, a tuƙa a hankali zuwa gaɓa. Da na gaske ne, da kiransa ka yi ya zo cin abinci."

"Abin da za ka faɗa mini ke nan a kan yashi?"

"Shi ne, Baba."

"To me ya hana ka?"

"Ɗan mai fito ne ya hana ni."

Na ce ya ci albarkacin sunan da ke kansa, da na maka masa filafili.

Sauran yinin a inuwa na yi shi, mai gasa kifi ta ba ni kujera, kayana suna bushewa a jikina, ina kallon auta yana aiki. Na ga ba ya tura kowa ruwa sai ya ja igiyar rigarsa da hannunsa. Na ga yadda yake lallaɓa wata mata da ta sa ƙafa ɗaya a jirgi ta fasa, har ta shiga, ta dawo tana tafi. Bayan azahar iska ta canja, ruwan ya fara fushi. Wani babban mutum ya zo da iyalinsa ya dage sai an shiga da su. Auta ya ba shi haƙuri, ya sake ba shi haƙuri, amma bai taɓa jirgi ba. Mutumin ya tafi yana faɗa. Haka mahaifina yake idan kogi ya kawo sabon ruwa: ko hakimi ne sai ya jira.

Da muka idar da la'asar a kan yashi, na ce ya matso. Na ɗora hannuna a kansa, na kira shi da abin da nake kiransa idan raina ya yi fari.

"Babana, kwance jakarka. Zauna a aikinka. Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka da duk wanda ka ɗauka, ya fitar da ku gaɓa lafiya."

Ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago sai ya ce, "Inna fa?"

"Bar ni da Inna. Miƙo mini bokitin nan."

Na faɗa ne kamar jarumi, amma a doguwar motar nan ta komawa na fi tunaninta a kan kifin.

Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta amsa sallama tana leƙen bayana.

"Kai kaɗai?"

"Ni da kifin."

Na zaro ɓarin bokiti daga jaka na ajiye a gabanta. Na zauna na ba ta labari tiryan-tiryan, ban rage komai ba, har da ihun. Ta saurara har na kai wurin kifewa.

"Ka faɗa teku? Da girmanka?"

"Tsundum."

"Ina hular da na ɗinka maka?"

"Tana hanyar ƙasashen waje."

Ta rufe baki da gefen zane, kafaɗunta suka fara rawa, gyaɗa ta zube daga faifai. Rabon da in ji dariyarta tun kafin sunan Kiyako. Da ta tsagaita ta goge ido, sai ta dube ni sosai.

"Shi ya fito da kai?"

"Shi."

"Bai ruɗe ba?"

"Ko gezau."

"Amma kifin, akwai shi."

"Akwai. Kamar yadda akwai kada a koginmu, surukinki kuma ya ƙare ƙuruciyarsa da tsufansa a kan ruwa, a kan shimfiɗarsa ya cika. Na ga yaron nan yana aiki. Ya san lokacin shiga, ya san lokacin ƙi. Na sa masa albarka. Taki yake jira."

Ta ɗauki ɓarin bokitin ta jujjuya shi, ta taɓa tsinin da ɗan yatsa. Sannan ta ce in kira mata shi. Ta karɓi wayar da hannu biyu.

"Auta? To, na ji. Allah ya yi maka albarka, ya raba ka da sharrin abin da ke cikin ruwa. Amma ka ji sharaɗina: kada ka wuce inda ka ce wa babanka kuna tsayawa. Kuma ko ya roƙe ka, kada ka ƙara ɗora tsohon nan a ludayi."

Ina jin dariyarsa daga inda nake zaune. Ranar ta ci tuwo har ta nemi ƙari.

Bokitin yana nan a gindin rumbu, a ciki take zuba wa kaji ruwa. Idan baƙuwa ta zo ta ce wannan fasasshen abu me ya hana a yar da shi, sai ta ce a'a, a bar shi, kifin Malam ne, daga Ikko ya kamo shi da hannunsa.